Ku Dawo Ranar Talata

Shekara talatin da ɗaya ina masinja a sakatariyar Dass,
na ɗauki fayil har kafaɗata ta karkace.
In na ce na gani, to na gani.

Ƙarshen damina ne, gero ya fara sunkuyar da kai.
Masu kwana a gona suka ce
wani abu mai kama da faifai ya sauka bayan Dutsen Mbula,
ba ƙara, ba hayaƙi,
sai haske irin na ƙwai in ka ɗaga shi ga rana.
Karnuka ba su yi haushi ba.
Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Da hantsi suka shigo, su biyu.
Farin kaftani, karin guga kamar ya yanka hannu,
takalmi ba ɗigon laka, alhali an kwana ana ruwa.
Sallamarsu cikakkiya, Hausarsu ta gidan rediyo,
sai dai ba sa ƙifta ido,
inuwarsu kuma a makare take isowa
kamar yaron da aka aika ya tsaya kallon dambe.

Suka ce, Babbanku muke nema.
Na ce, Ku cike takarda.
Wajen "Daga ina" dogon ya ɗaga biro ya nuna silin,
daidai inda yoyo ya yi zane.
Gajeren ya rubuta: Nesa.
Dalilin ziyara: Ruwa.

Rifkatu mai tafireta ta nuna musu benci.
Ciyaman yana Bauchi wajen taro.
Sakatare Zailani yana ciki, amma ba ya nan.
Aka kira azahar. Aka kira la'asar.
Suna zaune tsakanin ɗan kwangila da wata tsohuwa mai bin haƙƙin mijinta,
ta ɓara goro ta miƙa musu,
suka riƙe shi da hannu biyu kamar an ba su jariri.

Ana shirin tashi aka ce su shiga.
Ni na kai shayi, don haka kunnena shaida ne.
Suka ce, Akwai kogi kwance a ƙarƙashin garinku,
daga sama muna ganinsa kamar jijiya a bayan hannu.
Ga inda za ku haƙa.
Suka shimfiɗa wani abu, ba takarda ba, ba fata ba,
sanyi gare shi kamar gindin randa.

Sakatare ya gyara tabarau.
Kamfaninku yana da rajista?
Wa ya turo ku? Nawa ne na ofis?
Suka dubi juna. A nan ne na ga sun ƙifta ido, sau ɗaya.
Ya ce, Ku dawo ranar Talata.

Mutanen da suka ratsa tsakanin taurari
sun kasa ƙetare tebur mai kamu uku.

A bakin ƙofa gajeren ya kama hannuna,
tafinsa ba zane ko ɗaya, sumul kamar sabulu.
Ya ce, Baba, Talatarku tafiyar kwana nawa ce daga nan?
Ban sami amsa ba a lokacin.
Yau da zai dawo sai in ce masa,
shekara tara nake hanya da takardun fanshona, ban isa ba.

Bayan mako biyu wasu suka zo a Fijo mai baƙin gilashi,
suka tara mu, suka sanar da mu cewa ba mu ga komai ba.
Fayil ɗin, ni na ɗora shi bisa kabad da hannuna.
Gara ta ci bangon.
Abin da ke ciki bai ciwu ba, amma ya yi ƙafa.

Jikokina suna dariya, wai Kaka ya ga aljanu da hula.
Matata Tabawa tana tashi tun kafin asalatu
ta kai jarka layin famfo, ta sa dutse a kai.
Wani dare nakan kwanta a tsakar gida, kunne a ƙasa.
Ba zan rantse ba,
amma kamar ina jin wani abu yana wucewa can ƙasa,
a hankali, ba gaggawa,
shi ma yana jiran a sa masa hannu.